Daga Bakin Rumfa: Ba Kowace Ruɗewa Ce Gigin Tsufa Ba

   

A makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar canjin kuɗi a bakin iyaka, to amma ku yi mini afuwa, zan ɗage ta. Dalili kuwa, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani ɗan uwa ya ja ni gefe, ya ce an bugo masa waya daga gida wai tsohonsa ya ruɗe, ba ya gane mutane. Na ce masa, tun yaushe? Ya ce shi bai tambaya ba. "Ai tsufa ne Alhaji, sai haƙuri." Na ce ya ciro wayar nan take ya sake kira. Wannan tambaya ta "tun yaushe" ita nake so in bar muku yau, kuma ba a araha na koye ta ba. Sau biyu na yi kuskure a kanta. Na farko ya ci mutuncin wani yaro, na biyu ya kusa cin ran mahaifiyata.

Tun farko in faɗa, ni ba likita ba ne, ɗan goro ne. Abin da zan kawo muku, wani na gani da idona, wani likitoci suka yi mini bayani, wani kuma na bi na karanta bayan abin ya same ni. Ba zai maye gurbin asibiti ba, amma zai iya sa ka gane ranar da ya kamata ka ce a tafi asibitin.

Labarin maigidana

Na zo Kumasi ina ɗan shekara 20, na sauka a hannun wani dattijo fatoma a Aboabo. Mutumin nan bai yi boko ba, amma kansa ya fi kalkuleta. Za a sauke huhu 40 na mutane daban-daban, ya faɗa maka na wane ne wannan, ƙwarya nawa ce a ciki, nawa aka biya, nawa ya rage, har da la'adar dillali, bai rubuta komai ba sai ɗan ajami a bayan kwali. In aka yi gardamar lissafi a kasuwa, wurinsa ake zuwa, abin da ya faɗa kuma ya zauna.

Wajen 2013 abu ya fara canzawa, amma ba wanda ya lura. Mutanen Ghana sun san a 2007 aka yanke wa sidi sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, kuma har gobe a kasuwa za ka ji an ce miliyan ɗaya ana nufin sidi 100. Saboda haka da Alhaji ya riƙa cakuɗa tsohon lissafi da sabo, sai muka ce ai kowa ma haka yake. Abin da ba mu gane ba, mu da baki muke faɗa amma mun san abin da muke nufi. Shi kuwa har a hannu ya fara ruɗewa. Ya biya direba kuɗin lodi sau biyu. Ya bi mutum bashin da aka riga aka biya shi a gabanmu.

Sai rannan kuɗin ajiyar wani baƙo suka ɓata a ɗakinsa. Alhaji ya rantse cewa yaronsa ne ya ɗauka, yaron da ya shekara 9 yana riƙe masa makulli ba a taɓa kama shi da ko kwabo ba. Yaro ya yi rantsuwa, ya yi kuka. Mu kuwa muka ce, mutumin da bai taɓa kuskuren lissafi ba, yau zai yi wa yaro ƙarya? Ni da bakina na ce masa ya tattara kayansa. Bayan wata 8 ana gyaran sito aka ga kuɗin nan cif-cif, a ƙulle cikin tsohuwar hula, an tura su ƙarƙashin busasshen ganyen da ake naɗe goro. Alhaji ne ya ɓoye da kansa ya manta. Da aka nuna masa sai ya ce wani ne ya dawo da su.

Daga nan abu ya yi ta gaba. Ya tambaye ka labarin gida, ka ba shi amsa, kafin ka kurɓi shayi ya sake tambaya. Ya yi la'asar sau biyu. Ya kira uwargidansa da sunan ƙanwarsa. Ranar da hankalin kowa ya tashi ita ce ranar da ya fita masallacin da ya shekara 40 yana zuwa bai dawo ba, sai bayan isha'i aka tsince shi wajen Kejetia yana cewa motar Kano yake jira, zai je ya gaida mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun kafin in zo ƙasar. Sai a lokacin muka kai shi asibiti, bayan an sha rubutu da hayaƙi da zargin abokan kasuwa da sammu. Likita ya ce cutar mantuwa ce, kuma ta daɗe tana cinsa. Ya rasu a 2018. Allah ya jiƙansa, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa.

Labarin Inna

Shekara uku bayan haka, cikin azumin 2021, wanda ya faɗo a tsakiyar zafin bazara, ƙanwata ta kira ni daga ƙauyenmu a ƙasar Katsina. Ta ce, "Yaya, Inna fa ta rikice. Ba ta gane mu, tana magana da mutanen da suka mutu, tana cewa ga abubuwa nan suna tafiya a bango. Da dare ba ta barci, da rana kuma ba ta iya buɗe ido." Wasu a gidan sun ce iska ce, har an kira mai ruƙiyya.

Ni kuma da nake ganin na ƙoshi da sani, sai na ce, "Ba iska ba ce, na san wannan ciwon, irin na maigidana ne. Ba shi da magani. Ku dai lallaɓa ta, kada ku wahalar da ita da hawa mota." Na tura kuɗin madara da lemo, na kwanta ina jin na yi abin kirki.

Ɗiyata da ke karatun aikin jinya tana jina. Ta ce, "Baba, ba ranar Talata kuka yi waya da Inna ba, tana lissafa maka kuɗin dusar awakinta har da canji?" Na ce haka ne. Ta ce, "To ciwon Baba Alhaji shekara nawa ya ɗauka kafin ya daina gane mutane?" Na yi shiru. Ta ce, "Wanda yake garau ranar Talata ya ruɗe ranar Alhamis, wani abu ne ke damun jikinsa. A kai ta yau, ba gobe ba."

Aka ɗauki shatar mota aka kai ta. Aka auna fitsari da jini. Ashe ƙwayar cuta ce ta kama mata mafitsara, ga ruwan jikinta ya ƙone, don ta nace sai ta yi azumi a wannan zafi kuma ko an sha ruwa ba ta shan na kirki. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kwana huɗu ta farka tana faɗa wai wa ya bar akuyarta ba a ɗaure ba. Likitan ya ce wa ƙanwata da an ƙara kwana biyu a gida, da wata maganar ake yi. Inna tana nan da ranta, jiya ma mun yi waya.

Ka ga dai. A karon farko ciwo ne na ƙwaƙwalwa muka ce sata ce da sammu. A karo na biyu ciwo ne mai magani na ce gigin tsufa ne. Kama da wane ba wane ba ne.

Mece ce cutar mantuwa?

Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa, likitoci na kiransa dimenshiya. Ba tsufa ba ne shi kansa, don ga tsofaffi nan 'yan shekara 90 da hankalinsu ya fi na jikokinsu. Ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya kasa tafiyar da al'amuransa na yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Saboda haka masu cewa ciwon Turawa ne su daina.

Ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne cutar Alzaima, mai kashi 60 zuwa 70 cikin 100, an sa mata sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Ita takan fara da manta abin da ya faru ɗazu. Na biyu shi ne wanda ke zuwa ta hanyoyin jini, wato in hawan jini ko ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki suka hana jini isa wasu sassan ƙwaƙwalwa. Shi sau da yawa kamar saukar matakala yake: mutum ya tsaya a wani hali, sai ya ƙara faɗawa ƙasa, ya sake tsayawa. Akwai wani irin da mai shi ke ganin mutane ko dabbobin da babu su, jikinsa ya riƙa sandarewa, yau garau gobe a ruɗe, shi ne muke saurin cewa aljanu. Akwai kuma wanda ke taɓa gaban ƙwaƙwalwa, yakan kama 'yan shekara 50 zuwa 60 da wani abu, sai hali ya canza kafin mantuwa ta zo. Mutum mai kunya ya koma sakin baki, mai tattali ya koma watsa kuɗi, a ce an yi masa asiri.

Mantuwar kowa da mantuwar ciwo

Na san yanzu wani yana karantawa gabansa na faɗuwa, don jiya ya manta inda ya ajiye makullin shago. Kwantar da hankalinka. Ni ma nakan shiga ɗaki in tsaya ina tunanin me ya kawo ni. Manta sunan mutum ka tuna bayan ya wuce, ko ɓatar da waya ka bi sawun inda ka je ka gano ta, wannan na kowa ne, balle mu da kanmu ke ɗauke da farashin ƙasa uku.

Abin dubawa shi ne in mutum ya fara kasa abin da ya gwanance a kai. Ɗan kasuwa ya kasa ba da canji. Uwar da ta shekara 50 tana girki ta zuba gishiri sau biyu, ko ta bar tukunya a wuta ta tafi maƙwabta, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Mai sallah ya rikita jerin alwala. Ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar a zama ɗaya, kuma bai san ya yi ba. Ya ci abinci ya ce tun safe ba a ba shi komai ba. Kalmomi su riƙa ɓace masa, komai ya koma "abin nan". Ya ɓata a unguwar da ya sani. Ya ajiye abu a inda bai dace ba, takalmi a cikin kwanon abinci, kuɗi a cikin sito, sannan ya zargi na kusa da shi. Ya miƙa wa ɗan damfara kuɗi a kan maganar da da can dariya zai yi mata. Ya janye daga majalisa da ɗaurin aure, don hira ta fara yi masa nauyi. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce. Amma in sun taru, kuma bana sun fi bara, to a je a duba.

Abubuwa biyu ne suka fi yaudararmu mu matafiya. Na farko, tsohon tunani shi ke ɓacewa a ƙarshe. Maigidana yana ba ka labarin zamanin Nkrumah daki-daki, alhali bai san ko ya karya kumallo ba. Sai ka ce kai, wannan ai kansa garau yake. Na biyu, gaisuwarmu. Wayar da muke yi da iyaye ta minti biyar duk "ina kwana, ina gajiya, ya yara, Allah ya yi albarka" ce. Wannan kuwa ta zauna a harshe, ko wanda ciwon ya yi nisa da shi zai amsa ta daidai. Ka kashe waya ka ce Baba lafiyarsa ƙalau, har ka yi wa matar ƙanenka faɗa don ta ce ya canza. Ita ke kwana da shi a gida ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu kama da ita, na gaggawa

In ruɗewa ta zo cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, mutum ya kasa tsayar da hankali ya saurare ka, yana sambatu, ko ya yi lamo yana ta gyangyaɗi, da safe da sauƙi da dare ya rikice, wannan ɗimuwa ce irin ta Inna. Ba a kwana da ita a gida. Abin da ke kawo ta ga tsoho yana da yawa: cutar mafitsara, ciwon huhu, zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, ƙonewar ruwan jiki bayan gudawa ko zafi, riƙewar fitsari, ciwon ƙoda ko hanta. Kuma ku riƙe wannan da kyau, tsoho yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Kada ku ce ai ba ya zazzaɓi.

Mai ciwon suga da ke shan magani irin su Daonil ko yake allurar insulin, in bai ci abinci ba sugansa na iya faɗuwa, sai ka ga gumi da karkarwa da surutai kamar mai maye. In yana farke kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari ko lemon kwalba nan take, sannan a wuce asibiti. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a ɗauke shi kawai.

In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, shanyewar ɓarin jiki ce, kowane minti yana da tsada.

Ga kuma wanda ya shafe mu masu hawa babur da manyan motoci. Tsoho zai faɗi a banɗaki ko daga kan acaɓa, ya buga kai, ya tashi ya kakkaɓe riga. Bayan mako uku ko shida, lokacin kowa ya manta da faɗuwar, sai ya fara ruɗewa da ciwon kai da tangaɗi. Jini ne ke taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Hoton ƙwaƙwalwa na nuna shi, kuma ana yin aiki a zuƙe shi, da yawa su dawo daidai.

Masu kama da ita, na sannu a hankali

Akwai waɗanda su ma a hankali suke zuwa, shi ya sa suka fi wuyar rarrabewa sai da gwaji.

Ciwon damuwa. Tsohon da matarsa ta rasu, 'ya'ya duk suna ƙasashen waje, kasuwa ta karye, sai ya daina ci, ya daina barci, ya daina kula da komai, tunani ya yi nauyi. Sau da yawa shi da kansa yake kukan cewa yana mantuwa, in ka tambaye shi abu ya ce "ban sani ba, ƙyale ni". Mai cutar mantuwa kuwa yakan musa, ko ya ƙago amsa. Ciwon damuwa yana da magani.

Ƙarancin bitamin B12, wanda ake samu a nama da kifi da ƙwai da nono. Cikin tsoho ba ya tsotse shi kamar na yaro, kuma wanda ya daɗe yana shan metformin na ciwon suga ya fi shiga haɗari. Yana kawo mantuwa da kasala da jin ƙafa na dindiris kamar ana tsira allura. Gwajin jini ke nuna shi, allura ko ƙwaya ke gyara shi, amma in an bari ya daɗe ɓarnar ba ta gyaruwa duka.

Rashin aikin wata halitta da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. In ta yi sanyi mutum yakan yi nauyin jiki da nauyin tunani, yana jin sanyi ana zafi, fata ta bushe. Shi ma gwajin jini ne da ƙwaya.

Kunne da ido. Wanda bai ji abin da ka faɗa ba ba zai tuna shi ba. Tsofaffi nawa aka ce sun ruɗe, alhali dattin kunne ne ya toshe, ko yanar ido ce ta hana su gane fuska?

Magunguna. Wannan laifinmu ne mu masu aike. Na Kumasi ya aiko da nasa, na Duwala ya aiko, mai kemis ya ƙara, mai maganin gargajiya ya ƙara. Maganin barci irin Valium, maganin mura mai sa barci irin Piriton, taramol, maganin tari mai kodin, duk suna iya rikita tsoho ko da a kan ƙa'ida aka sha, balle an haɗa su.

Akwai kuma taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, mai alamomi uku tare: tafiya kamar ƙafa ta manne a ƙasa, kuɓucewar fitsari, da mantuwa. Sai ƙanjamau da tunjere, waɗanda in sun daɗe ba magani suna hawa kai. Sai giya ga mai sha a ɓoye. Ba daɗin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in likita ya ce a gwada a bari ya gwada.

To mu da muke nesa, me za mu yi?

In an kira ka an ce tsoho ya ruɗe, kafin ka ce komai yi tambaya huɗu. Tun yaushe? Ya faɗi ko ya buga kai a 'yan watannin nan? Wane magani yake sha, akwai sabo? Yana ci, yana sha, yana fitsari yadda ya saba? In amsar ta farko kwanaki ce, tura kuɗin mota, ba kuɗin madara ba. Ko wanda aka riga aka san yana da cutar mantuwa, in ya rikice fiye da yadda ya saba farat ɗaya, a nemi wani ciwon a jikinsa.

In kuwa watanni ne ko shekaru, a shirya zuwa asibiti a natse. Wanda ke zaune da shi ne zai raka shi, ba kai baƙon da ka sauka jiya ba. A zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a ajiye gaban likita. A nemi a auna jini, suga, fitsari, ƙoda, a duba ido da kunne. In ƙaramin asibiti bai wadatar ba a nemi takardar zuwa babba, irin su Komfo Anokye a Kumasi, Korle Bu a Ankara, ko asibitin koyarwa na Aminu Kano. Mazauna Ghana su tuna wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara na inshorar lafiya, a sabunta masa katinsa.

A waya kuma ka wuce gaisuwa. Tambaye shi wa ya zo jiya, nawa ake sayar da tiyar gero, wa ya ja sallar Juma'a, cikin hira ba kamar jarrabawa ba. In ka je gida da sallah ka kwana biyu kana kallo, gani ya kori ji.

Addu'a ba ta hana asibiti, asibiti ba ya hana addu'a. A yi ruƙiyyar a cikin mota ana tafiya. Abin da nake ƙi shi ne a kwana bakwai ana hayaƙi a kan ciwon da ƙarin ruwa zai warkar.

In ta tabbata ita ce

Gaskiya ɗaya ce, har yau ba a samu maganin da ke warkar da cutar Alzaima ba. Akwai ƙwayoyin da likita kan bayar su rage alamomi na wani lokaci. Duk wanda ya tallata maka maganin wanke ƙwaƙwalwa a mota ko a WhatsApp, kuɗinka yake so.

Amma sanin sunan ciwon da wuri yana da amfani babba. Tun yana da sauran hankali a zauna da shi da shaidu a rubuta bashin da yake bi da wanda ake binsa, da ajiyar mutane, da takardun gida da na shago. A janye shi daga riƙe kuɗi cikin mutunci, a bar masa kujerarsa a rumfa da ɗan abin sadaka a aljihu. A sa takarda mai lambar waya a aljihun rigarsa. Kada a yi gardama da shi. In ya ce zai je gaida mahaifiyarsa, kada ka ce ta mutu ka sa shi sabon kuka, ce masa a sha shayi tukuna. In ya ce an sace masa abu, ce mu duba tare, kuma kada a hukunta kowa da maganarsa kaɗai. Malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da sallah ko azumi, to kada a tsananta masa.

A kare su daga bakin mutane. A watan Yulin 2020 aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba, kusa da Salaga, bisa zargin maita. Tsohuwar da ke sambatu, tana fita da dare, tana amsa laifin da ba ta yi ba, ita ta fi kusa da irin wannan ƙazafi. Sannan a tausaya wa mai jinya. Yawanci mace ɗaya ce a gida take wanki da goge kashi da hana ido barci, mu kuma muna nesa muna ba da umarni a waya. A raba nauyin, a biya mai taimaka mata, a bar ta ta huta.

Mu kanmu fa? A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani, buguwar kai, da kaɗaici. Mu 'yan 50 da muke wuni a zaune a shago, yaushe rabonka da awon jini?

Yaron nan da muka kora, na neme shi bayan an ga kuɗin. Na same shi yana dako a wata tasha. Na roƙe shi gafara a madadin maigida da ni kaina. Ya ce ya yafe, har ya zo jana'izar Alhaji, amma bai sake karɓar makullin kowa ba. Duk lokacin da na gan shi sai in ji nauyi a ƙirjina.

Shi kuwa ɗan uwan nan na ranar Juma'a, da ya sake kira sai aka ce masa shekaranjiya abin ya fara, kuma tsohon ya kwana uku yana tari. A daren suka kai shi asibiti. Ku sa shi a addu'a.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, waɗanda suka rigaye mu ya jiƙansu, mu kuma ya sa mu gama da hankalinmu. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar canji.